Jak Fasons Da Makamashin Roka

A yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani gari wai shi Fasadina. A gefen garin nan akwai wani kwazazzabo mai yashi da duwatsu, ana kiransa Aroyo Seko, wato busasshen rafi da harshen mutanen Sifen. Yau in mutum ya je wurin sai ya tarar da manyan gine-gine, inda masana ke ƙera na'urorin da ake aikawa duniyar Mars da sauran duniyoyi masu nisa. Amma a da babu kome a wurin sai ƙaya da itatuwa. Waɗanda suka fara mai da shi wurin aiki wasu samari ne marasa kuɗi, babbansu kuwa wajen haɗa abin fashewa shi ne Jak Fasons, wanda za mu ba ku labarinsa.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata ku san yadda roka ke tafiya. Kun taɓa hura balan-balan ya cika tam, sa'an nan kuka sake shi ba ku ɗaure bakin ba? Iska ta fita ta baya, shi kuwa ya yi gaba a guje. To, haka roka take. Wani bututu ne na ƙarfe, kansa a toshe, gindinsa da ƙaramar kafa. Ana cika cikinsa da makamashi, wato abin da wuta za ta ci. In an kunna, sai hayaƙi mai zafi ya taru ya riƙa fita ta kafar nan da ƙarfin gaske, bututun kuwa ya harba sama. Mutanen ƙasar Sin ne suka fara yin wannan tun shekaru aru-aru da suka wuce, da albarushi suke cika nasu.

An haifi Jak Fasons a birnin Los Anjalis ran 2 ga watan Oktoba, 1914. Yana jariri ubansa da uwarsa suka rabu, saboda haka ya tashi a Fasadina a hannun uwarsa da kakanninsa. Kakansa attajiri ne, gidansu babba ne ƙwarai, yana kan wani titi na masu hali mai suna Orenj Gurob. Jak ba shi da abokan wasa da yawa. Yawancin lokaci yana ɗaki yana karanta littattafan ƙagaggun labarai na mutanen da suka yi tafiya zuwa wata. Abin da wasu yara ke karantawa don nishaɗi, shi sai ya ɗauke shi da gaske.

Da ya kai shekara 12 aka sa shi makarantar gaba da firamare. Can ya sha wuya, don ba ya ƙoƙari a aji, ga shi kuma ɗan gata, yara suka sa shi gaba da tsokana da duka. Sai wani yaro ɗan talakawa, Edwad Foman, wanda ya girme shi da shekara biyu, ya shiga tsakani ya tsare masa faɗa. Daga nan suka ƙulla abota wadda ba ta yanke ba har mutuwa ta raba su. Foman gwanin aikin ƙarfe ne, Jak kuwa ya fi son haɗa garin da za a zuba a ciki. A 1928 suka fara harba 'yan ƙananan rokoki a bayan gidan su Jak, har lambun gidan ya cika da ramuka, sa'an nan suka riƙa sauka kwazazzabon nan don su yi nesa da mutane. Yawancin rokokin nasu ba sa tashi, fashewa suke yi a ƙasa. Jak ya lura da cewa sakakken gari yana kamawa gaba ɗaya a lokaci guda, sai ya fara cuɗa shi da ruwan manne don ya haɗe wuri ɗaya ya riƙa ci a hankali. Ku riƙe wannan a zuci, don za mu komo kansa.

A nan sai in tsaya in ce muku wani abu. Kada wani yaro ya ji wannan ya ce zai samo albarushi ko kan ashana ya gwada. Waɗannan yara biyu sa'a ce kurum ta fisshe su da idanunsu da yatsunsu. Albarushi ba ya sanin yaro, ba ya sanin babba, kamar yadda za ku ji kafin labarin ya ƙare.

A 1929 ciniki ya karye a Amurka, dukiyar mutane da yawa ta nutse, har da ta gidan su Jak. Bayan shekara biyu kakansa ya mutu. Ɗan gata ya wayi gari dole ya nemi abin kansa. Ya sami aiki a wani kamfanin yin albarushi da nakiya mai suna Hercules, yana zuwa ran hutu yana kuma karatu. Can ya koyi halin kowane irin abin fashewa, wanda ke son sanyi da wanda ba ya son a girgiza shi. Ya gama makarantar sakandare a 1933, ya so ya shiga jami'a, amma kuɗin makaranta ya gagara. Har ya mutu bai sami takardar digiri ba. Ya yi aure a 1935, ya auri wata yarinya mai suna Helen. Ita ma ta ɗanɗana kuɗarta, don kusan duk abin da ya samu a kan roka yake ƙarewa, har ya taɓa jinginar da zoben da ya ba ta na alkawarin aure.

Jak da Foman suka ga dai gwaji kaɗai ba zai kai su ko'ina ba, suna bukatar wanda ya san lissafi. A Fasadina kuwa akwai wata babbar makarantar kimiyya da ake kira Kaltek. Suka je can suka yi ta neman mai sauraronsu. A zamanin nan malaman kimiyya da yawa dariya suke yi wa mai zancen roka, suna ganin abin tatsuniya ce ta littattafan yara. Amma suka dace da wani ɗalibi mai suna Farank Malina, wanda shi ma abin yana ransa. Malina ya kai maganar gaban malaminsa, Shehun Malami Tiyodo Fon Karman, mutumin ƙasar Hangari, wanda ya shahara a ilimin iska da jiragen sama. Fon Karman ya dubi samarin nan biyu marasa takarda, ya ga himmarsu, ya yarda su yi aiki ƙarƙashin inuwarsa, amma ya ce ba shi da kuɗin da zai ba su.

Suka riƙa tara ɗan abin da suka samu, suna yawon wuraren da ake zubar da tsofaffin ƙarafa suna tsinto abin da zai yi amfani. Malina ya nace a kan lallai su daina harbawa sama suna kallo. Ya ce a ɗaure injin a ƙasa, a sa ma'auni, a rubuta ƙarfin turinsa da tsawon lokacin da ya yi yana ci. Wannan bai yi wa Jak daɗi ba da farko, don shi so yake ya ga abu ya tashi, amma ya bi. Ran 31 ga Oktoba, 1936, suka kwashi kayansu zuwa Aroyo Seko, suka jera buhunan yashi suka fake a bayansu. Injin na ranar nan makamashin ruwa yake sha, ana kawo masa iskar oksijin ta wata mesa. Sau uku suna kunnawa yana ƙi. A na huɗu mesar ta kama wuta ta shiga wutsil-wutsil kamar maciji tana feshin wuta, kowa ya ranta a na kare. Ba wanda ya ji ciwo. Suka komo suka gyara, a watan Janairu na 1937 injin ya ci sakan 44 bai mutu ba.

Da Fon Karman ya ga haka sai ya ba su wuri cikin makaranta. Wasu ɗalibai suka shigo ƙungiyar, cikinsu har da wani ɗan ƙasar Sin mai suna Ciyan Shuwesen, wanda daga baya ya koma gida ya zama uban aikin roka na ƙasarsu. Amma zaman makaranta bai yi tsawo ba. Wata rana wani hayaƙi mai cin ƙarfe ya ƙwace musu ya bi ginin, kayan aikin sauran malamai suka yi tsatsa. Wata rana kuma injin ya fashe, wani guntun ƙarfe ya tafi ya nutse cikin bango daidai inda Malina ya saba tsayawa. Ɗalibai suka laƙaba musu suna, wai ƙungiyar masu neman kashe kansu. Daga bisani aka mai da su kwazazzabonsu, suka kafa 'yan rumfunan kwano suka ci gaba.

Ana nan yaƙi ya matso a ƙasashen Turai. Sojojin Amurka suna da wata damuwa. Jirgin sama in ya ɗauki kaya masu nauyi, sai ya yi gudu mai tsawo a ƙasa kafin ya iya tashi, a fagen yaƙi kuwa ba kullum ake samun dogon fili ba. Suka ce ko za a iya ɗaura wa jirgi 'yan ƙananan rokoki su tura shi ya tashi da wuri? A 1939 aka ba ƙungiyar dala 1,000, sa'an nan aka ƙara musu dala 10,000, su bincika. Aikin haɗa daskararren makamashi ya faɗo a kan Jak.

To, ga inda wuyar take. Rokar wasa ta ci sakan ɗaya ko biyu ta mutu, ba kome. Amma wadda za ta tura jirgi dole ta ci sakan goma ko fiye, da ƙarfi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Jak ya yi ta haɗawa, suna ta fashewa, har mutanen da ke zaune kusa da kwazazzabon suka gaji da ƙara. Wasu masana suka ce abin ba zai taɓa yiwuwa ba. A 1940 Fon Karman da Malina suka zauna da alli da allo suka yi lissafi, lissafin ya nuna cewa zai yiwu, muddin faɗin wurin da wuta ke ci bai ƙaru ba. Wato makamashin ya riƙa ci daga baki ɗaya kaɗai, sannu-sannu, kamar yadda kyandir ke ci daga sama zuwa ƙasa. Da Jak ya ji haka sai ya ƙara ƙaimi. Ya riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan cikin bututu, yana danne shi da injin matsi, ya ƙara wani ya danne, har ya zama kamar dutse.

A watan Agusta na 1941 suka kai rokokin wani filin jirgin soja a Kalifoniya. Aka samo wani ƙaramin jirgi samfurin Ercoupe, da wani hafsa mai ƙarfin hali, Homa Bushe, wanda zai tuƙa shi. Kowace roka tana turi da ƙarfin laba 28 har sakan 12. Ran 12 ga wata aka ɗaura guda shida ƙarƙashin fikafikan jirgin, Bushe ya kunna, jirgin ya yi ɗan gudu kaɗan ya cilla sama yana barin farin hayaƙi a baya, alhali wani jirgi da suka tashi tare yana nan yana ta gudu a ƙasa. Ran 23 ga wata suka yi abin da ya fi wannan. Suka cire farfelar jirgin ɗungum, suka ɗaura roka 12, mota ta ɗan ja shi da igiya, sa'an nan rokokin suka ɗaga shi. Wannan ne karo na farko da jirgin sama ya tashi a Amurka da ƙarfin roka kaɗai.

Kowa ya yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Ashe abin da ya taimake su shi ne, ana gama danna rokokin ake kai su fili a kunna, ba sa jimawa a ajiye. Da aka fara ajiye su kwana da kwanaki, rana ta buge su dare ya sanyaya su, sai suka koma fashewa. Kun san yadda bangon ƙasa ke tsagewa in hunturu ya busa. Haka dannannen garin nan yake yi, ya tsage a ciki inda ido ba ya gani, ko ya janye daga jikin ƙarfen ya bar 'yar kafa. In an kunna, wuta ta bi tsagar nan ta shige ciki. Kun kuwa san gungume yakan daɗe yana ci, amma in an faskara shi ƙanana sai ya cinye nan da nan, don wuta ta sami wurin kamawa ta ko'ina. Hayaƙi ya yi yawa fiye da abin da kafar gindi za ta iya fitarwa, bututu ya tarwatse. Sojojin ruwa kuwa suna son rokar da za a ajiye wata da watanni cikin jirgin ruwa, a ƙasar zafi ko ta ƙanƙara, a ɗauko ta ta yi aiki. Rokar da za ta fashe ƙarƙashin fiffike ta kashe matuƙi, wa zai karɓe ta? In ba a sami maganin tsagar nan ba, duk wahalar da suka sha ta tashi a banza.

Jak ya yi ta juya abin a ransa. An ce wata rana a 1942 ya tsaya yana kallon masu gyaran rufin wani gini, sun dafa kwalta suna zubawa. Ya ga yadda take kwarara da zafi ta cika kowane lungu, in ta huce ta daskare ta manne, ga ta kuma ba ta tsagewa kamar ƙasa, don tana da danƙo. Kwalta kuwa tana cin wuta. Abin da ya rage shi ne iska, don wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa ake fifita ta a murhu, cikin rufaffen bututu kuwa ba mai fifita. Amma Jak ya san wani farin gishiri da masana ke kira fotasiyam fakuloret, wanda in ya ji zafi yakan saki iskar oksijin da ke cikinsa. Sai ya bar albarushi gaba ɗaya. Ya narka kwalta, ya cuɗa ta da gishirin nan, ya zuba cikin bututu, ya bari ta huce, kamar yadda masu mazarƙwaila ke dafa ruwan rake su zuba a mazubi ya daskare. Dabarar nan ta ruwan manne da ya yi yana yaro ce ta dawo, amma yanzu mannen da kansa shi ne makamashin.

Aka gwada, ta ci lafiya lau. Aka ajiye ta cikin zafi, aka ajiye ta cikin sanyi, aka ɗauko aka kunna, ta ci. Nan da nan aka yi wa sojojin ruwa waɗanda ke turi da ƙarfin laba 200 har sakan 8. Wani amfanin kuma, abin da ake dannawa ba ya yin girma sosai, don sai an sami injin matsi da ya fi shi girma, amma abin da ake zubawa, in ka sami babban mazubi sai ka zuba babba. A ganina wannan shi ne babban aikin da Jak Fasons ya yi a duniya, ya kuwa yi shi yana da shekara 27.

Kwalta ma tana da nata aibin. Hayaƙinta mai yawa ne da kauri, in zafi ya yi tsanani kuma takan yi laushi. A 1945 wani injiniya mai suna Cals Batli ya musanya ta da wata irin roba ta ruwa wadda ke daskarewa, amma hanyar dai ita ce ta Jak, a cuɗa a zuba. Da irin wannan makamashi aka cika ƙananan rokokin da suka ƙarasa tura tauraron ɗan'adam na farko na Amurka zuwa samaniya ran 31 ga Janairu, 1958. Haka kuma kumbon nan mai fikafikai da Amurka ta yi ta harbawa daga 1981 zuwa 2011, manyan rokoki biyu da ke gefensa zubi ne, kowace tana ɗauke da makamashi wajen tan 500.

Shi kuwa Jak bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A watan Maris na 1942 shi da abokansa sun kafa kamfanin Aerojet don sayar wa soja rokoki, 'yan rumfunansu na kwazazzabo kuma suka girma suka zama ma'aikatar da ake kira JPL. Amma da aiki ya bunƙasa, aka kawo ɗaruruwan ma'aikata da dokokin tsare lafiya, sai halin Jak ya zama abin damuwa. Ba ya son doka, yana wasa da abin fashewa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Bayan wannan kuma ya shiga wata ƙungiya ta masu sihiri da tsafe-tsafe, har ya zama shugabanta a garin, gidansa ya cika da baƙi iri-iri, maƙwabta suka yi ta kai ƙara. Aurensa da Helen ya mutu. A 1944 aka matsa masa ya sayar da rabonsa na kamfani a kan dala 11,000. Bayan shekara biyu wani abokinsa da suka haɗa jari don cinikin jiragen ruwa ya tafi da yawancin kuɗin. Hukuma ta riƙa zarginsa, a farkon 1952 ta hana shi taɓa duk wani aikin asiri na gwamnati. Mutumin da ya buɗe hanya ya zama ba shi da izinin bin ta.

Sai ya koma inda ya fara, wato haɗa abin fashewa a gida. Yana yi wa masu shirya fim 'yan nakiyoyin da suke amfani da su wajen nuna yaƙi. Ya mai da wani ɗaki a gidan da ya zauna a titin Orenj Gurob wurin aiki, ya tara kwalabe da gwangwanaye cike da magunguna masu haɗari. Shi da matarsa ta biyu, Majori, suka shirya tafiya ƙasar Meksiko, sun riga sun fara ɗaure kaya. Ran 17 ga watan Yuni, 1952, aka aiko masa da aikin gaggawa, ya ce bari ya gama kafin su tashi. Wajen ƙarfe biyar na yamma mutanen unguwa suka ji wata irin ƙara, ƙasan ginin ya tarwatse. Aka jawo shi daga cikin ɓaraguzai da munanan raunuka, da sauran numfashinsa, aka garzaya da shi asibiti, amma kafin awa guda ya cika. Da 'yan sanda suka bincika, suka ce wani gwangwani ne da yake cuɗa wani magani mai saurin tashi a ciki ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa. Shekararsa 37.

Bayan mutuwarsa da shekara wajen ashirin, masana taurari suka zauna suna raɗa wa ramukan da ke bisa wata sunayen mutanen da suka yi aikin kimiyya. Suka ba wani rami sunan Fasons. Amma ko kun fita tsakar gida daren sha huɗu kun ɗaga kai, ba za ku gan shi ba, don wata fuska ɗaya kaɗai yake juyo mana, ramin Fasons kuwa yana can ta bayansa.